Wai da gaske ne yawan damuwa yana cinye ƙwaƙwalwa? Dan Allah masana ku taimaka min

Ummu_Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya kuma da gaske nake, abin nan jiya ko runtsawa bai bar ni na yi ba.

Shekara biyu da wata huɗu kenan da mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ce babba a mata kuma ni ce nake aure kusa, to kun dai san yadda abin yake, jinya ta faɗo kaina, muka dawo da ita gidana. Ni ke tashi cikin dare in juya ta duk bayan awa biyu ko uku kar bayanta ya yi gyambo, ni ke mata wanka, ni ke dama kunu in bata a cokali a hankali dan kar ta ƙware, ga yarana uku ga koyarwar da nake a wata firamare da safe. Ba ƙorafi nake ba wlh, uwa ce, ko me na yi ban biya ta ba.

Abin da ya kawo ni shine mantuwa. Da ni ce ake tambaya ranar haihuwar kowa a gidanmu, lambar waya sau ɗaya zan ji in riƙe. Yanzu sai in zuba gishiri a miya in juya in ƙara zubawa. Sallah kuwa kusan kullum sai na yi ƙabli ko ba'adi saboda ina tsaye zan rasa raka'a ta nawa nake. A aji na kalli yarinyar da na koyar shekara biyu cur na rasa sunanta, tana kallona ina kallonta. Wanda ya fi tsorata ni satin da ya wuce ne, na tsinci kaina a tsaye a bakin gadon Inna da ƙwayar hawan jininta a tafin hannuna, na rasa na bata na safe ko ban bata ba. Nan na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Sai jiya ƙanina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani bature mai uban gemu da gashi, wai sunansa Robert Sapolsky, wani yana fassarawa da Hausa yana cewa sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman wajen da ke riƙe abu, har wajen ya motse. Shi ƙanin nawa da kyakkyawar niyya ya turo, wai in rage tunani, amma ni gabana ne ya yanke ya faɗi.

Tambayata: gaskiya ne? In gaskiya ne abin da ya lalace yana dawowa ko shikenan? Ko dai ciwon mantuwa irin na tsofaffi ne ya fara kama ni? Shekarata 36.

Baba_Na_Kwari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah sarki 'yata, Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da gidan aljanna. Ni ban san ilimin ƙwaƙwalwa ba, masu shi za su zo. Amma tambaya ɗaya zan miki, ina sauran 'yan uwanki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da ya shekara biyu bai yi barcin awa huɗu a jere ba ai ko sunansa ya manta ba a ga laifinsa ba.

Malam_Fisiyoloji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Inna sauƙi. Ina koyar da darasin yadda jiki ke aiki, kuma wannan maganar duk shekara sai mun yi ta da ɗalibai, bari in yi miki ita a tsanake, ki yi haƙuri da tsawo.

Mutumin da kika gani na gaske ne, farfesa ne a jami'ar Stanford a Amurka. Amma zancen ya faro ne daga malaminsa, Bruce McEwen na jami'ar Rockefeller a New York, wanda ya rasu a 2020. A 1968 shi McEwen ya gano cewa sinadarin damuwa, wanda a jikin mutum muke kira kotizol, ba a jini da tsoka kawai yake tsayawa ba, yana shiga ƙwaƙwalwa ya je ya maƙale a wani ɓangare da ake kira hifokamfus. Wannan ɓangaren shine magatakardan kai, shi ke rubuta sabon abu, wato "na zuba gishiri", "na bada magani", ya ajiye miki. Kotizol ɗin kuma wasu 'yan ƙananan halittu ne da ke zaune a saman ƙoda suke fitar da shi in ƙwaƙwalwa ta aiko musu da umarni. Kuma fa ba guba bane, kar bidiyo ya sa ki ɗauka haka. Kullum yana hawa da asuba, ya kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan kin farka, shi ke tayar da ke ya saki sukari a jini ki samu ƙarfi, sai ya yi ta sauka har tsakar dare ya kai ƙasa. In mota ta taho kanki shi da wani sinadarin da ake kira adirenalin ne za su sa ki yi tsalle. An halicce shi ya zo ya yi aiki ya tafi. Matsalar ita ce idan aka kunna shi aka bar shi, kamar janareton da ba a kashewa dare da rana.

To me ke faruwa in aka bar shi a kunne? A 1992 a ɗakin binciken McEwen sun riƙa takure ɓeraye a wani ɗan matsattsen waje awa 6 kullum har kwana 21, sannan suka duba ƙwaƙwalwarsu. Ƙwayar halittar ƙwaƙwalwa kamar bishiya take, tana da rassa da take karɓar saƙo da su daga 'yan uwanta. Sai suka ga a hifokamfus rassan nan sun gajarce sun ragu. Ki lura da kyau, rassa ne suka janye, bishiyar na nan. Da aka daina takura wa ɓerayen aka bar su suka huta, cikin 'yan makonni rassan suka sake tohowa. Kamar dalbejiyar da aka sassabe ce damina ta sauka a kanta.

Maganar mutuwar ƙwayoyin kuwa, eh a shekarun 1980 Sapolsky ya fitar da binciken ɓeraye da ya nuna haka idan aka daɗe ana ɗura musu sinadarin da yawa, daga nan zancen ya bazu duniya. Amma daga baya da aka samu hanyoyin ƙirga da suka fi inganci, har aka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu bayan doguwar fama da ciwon damuwa, ba a ga wata gagarumar mutuwar ƙwayoyi ba. Masu yanka bidiyo rabin farko suke ɗauka saboda shi ke sa mutane su tura.

Kuma ba a ɓera kawai aka tsaya ba. A 2009 McEwen da abokan aikinsa sun ɗauki ɗaliban likitanci 20 da ke shirin wata babbar jarrabawa, wata guda suna cikin matsi, aka kwatanta su da wasu 20 da ke zaune ƙalau. Aka saka su a na'urar hoton ƙwaƙwalwa ana ba su aikin da ke buƙatar mutum ya ɗauke hankali daga wani abu ya maida kan wani. Masu shirin jarrabawar ba su yi aikin da kyau kamar sauran ba, kuma hoton ya nuna sadarwar gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, ta yi rauni. Bayan wata ɗaya da gama jarrabawa aka sake gwada su, babu wani bambanci tsakaninsu da sauran.

Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe, dan shi ya fi kama da labarinki. Gishiri, raka'a, magani, duk ba wai kin ajiye abu ya goge bane, tun farko ba a rubuta ba, saboda lokacin da hannunki ke zuba gishirin kunnenki yana ɗakin Inna yana sauraron ko ta yi tari. Ga rashin barci a kai, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka tara da rana ta adana. Ciwon mantuwa irin na tsofaffi a shekara 36 abu ne mai wuyar samu ƙwarai, kuma masu shi yawanci 'yan uwa ne ke lura su ba su damu ba, ke kuwa ga shi kin lissafo komai da ranarsa.

Duk da haka ta waya ba a duba mara lafiya. Ki je asibiti a auna jininki, a duba ko ya yi ƙasa, a duba sukari da hawan jini da maƙoƙo, duk waɗannan suna kawo gajiya da mantuwa kuma suna da magani mai sauƙi. Ki faɗa wa likitan komai yadda kika faɗa mana, har da kukan.

Dan_Samaru ya rubuta:

Malam Allah ya ƙara ilimi, kun gama magana. Ina aji biyar a likitanci, abu biyu zan ɗan ƙara da izininku.

Na farko, wannan hotunan da ake yawo da su ana cewa ga ƙwaƙwalwar mai damuwa ta motse, sai an yi hattara. A 2002 an yi wani bincike a Amurka kan tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗaya bai taɓa shiga fagen yaƙi ba. Sojojin da suka dawo da ciwon firgici mai tsanani an ga hifokamfus ɗinsu ƙarami ne, kowa zai ce ai yaƙi ne ya cinye shi. Sai aka auna na 'yan uwan tagwaitakarsu da ba su je yaƙin ba, su ma ƙarami. Kenan a wajen waɗannan, ƙanƙantar ta riga yaƙin, da ita aka je. Dan haka ba duk abin da aka gani a hoto bane damuwa ta haifar.

Na biyu kuma gaskiya ce da ya kamata Anti ta sani dan kar ta ga shiru ta karaya. Ba duk ɓangarori ne ke warwarewa da sauri ɗaya ba. Akwai amigdala, wato mai gadin ƙwaƙwalwa, ita ke buga ƙararrawar tsoro. Wani masani a Bangalore ta Indiya, Sumantra Chattarji, da ɗalibansa sun nuna a 2002 cewa matsin da ke sa rassan hifokamfus su janye, a amigdala ƙara musu yawa yake. Suka kuma bar ɓerayen suka huta kwana 21, hifokamfus ya dawo daidai, amma amigdala tana nan yadda ta ƙaru kuma ɓerayen na nan da ɗari-ɗarinsu. Ɓera ba mutum bane, amma muna ganin irinsa a asibiti, mutum ya samu sauƙin rayuwa mantuwa ta tafi amma faɗuwar gaba ta ƙi tafiya, waya na ƙara sai zuciya ta tsinke. In hakan ta faru da ke Anti ba wai kin kasa bane, ita wannan a hankali take sauka kuma akwai taimakon da ake bayarwa a kanta.

Maman_Biyu_Kd ta rubuta:

'Yar uwa wlh ina karanta rubutunki hawaye na zuba, kamar ni kika rubuta. Ni mijina na yi jinya, ciwon ƙoda, shekara uku muna zaryar wankin ƙoda sau biyu a sati kafin Allah ya karɓi abinsa. Akwai ranar da na ɗora ruwan zafi na fita sayo masa magani, ina cikin adaidaita na tuna, kafin in dawo tukunyar ta ƙone ƙurmus hannunta na roba ya narke ya ɗiga a kan risho, Allah ne kawai ya tsare gidan. Ban faɗa wa kowa ba, na wanke wajen na ɓoye tukunyar a bayan buhun gawayi dan kar a ce na fara taɓuwa.

Abin da nake so in faɗa miki shine kar ki yi irin kuskurena. Ni na ɗauka in na ce na gaji kamar na yi butulci ne ko imanina ya yi rauni. Kowa ya zo dubiya sai yace sannu da ƙoƙari, ki ƙara haƙuri, sai in yi murmushi in kawo ruwa. Har na kai abinci ba ya min daɗi, in farka ƙarfe uku na dare ko ba a kira ni ba in kasa komawa, yarana in sun yi dariya haushi nake ji, kuma na fara jin cewa da ma ni ce na kwanta kowa ya huta. Ranar da na furta wannan a gaban yayata ita ce ta saka mayafi ta ja ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na yi ta turjewa a bakin get ina cewa ni ba mahaukaciya bace. Da muka shiga sai na tarar da mutane irina a kan benci, malamai, 'yan kasuwa, wata ma da jakar ofis ɗinta. Likitan ya saurare ni ya fi rabin awa, yace ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan magani yace sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin in fara jin canji kuma kar in daina da kaina, aka haɗa ni da wata da muke zama muna magana. Ban bar addu'a ba ko kwana ɗaya, na haɗa su ne gaba ɗaya. Yanzu shekara biyu kenan, na koma ɗinkina, awon mutum goma zan ɗauka in riƙe wanne ne na wa.

Ki duba kanki tsakani da Allah. In bayan mantuwar akwai rashin jin daɗin komai, ko ƙuncin da ya wuce sati biyu ba ya ɗagawa, ko tunanin gara mutuwa, to kar ki jira sati mai zuwa. In Kano kike akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Sokoto akwai Kware, Maiduguri ma akwai nasu na tarayya.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Na gode, na gode, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Malam wlh da na karanta wajen "rassa ne suka janye bishiyar na nan" sai da na sauke wata ajiyar zuciya. Maman Biyu Allah ya jiƙan maigida ya sa jinyar ta zama kaffara. Tunanin mutuwa kam alhamdulillah babu, amma farkawar ƙarfe uku da saurin fushi da yara duk ina yi.

Baba kun tambayi 'yan uwa. Mu bakwai ne. Mazan uku suna turo kuɗi duk wata ba sa fashi, ba zan zalunce su ba. Matan kuma ɗaya tana Abuja, biyu suna nan gari amma sai ranar Juma'a suke leƙowa. Ban taɓa cewa su karɓe ni ba, kunya nake ji, gani nake kamar zan ce na gaji da uwata.

Wata maƙociyata ta bani shawarar in riƙa shan wata ƙwaya da ake sayarwa a kemis wai tana sa barci da cin abinci har in maida jikina, dan na rame sosai. Ya kuke gani?

Mai_Kemis_Fagge ya rubuta:

Hajiya dan girman Allah kar ki sha. Ban ga ƙwayar ba amma shekarata 14 a bayan kanta, na san abin da ake ba mata in an ce barci da ƙiba. Yawanci haɗi ne, a ciki akwai dexamethasone, wanda 'yan mata ke nema dan su yi kumari. To shi wannan ɗan uwan kotizol ɗin da Malam ya yi bayani ne, na bature, kuma ya fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Kina fama da na jikinki ya yi yawa sai ki sayo wani ki ƙara? Ƙibar da yake sawa ma ba ta lafiya bace, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi ta tsagewa, ga sukari ga hawan jini, kuma shi kansa yana hana barci yana rikita tunani. Mafi haɗari in mutum ya daɗe yana sha jikinsa sai ya daina yin nasa, ranar da ya yanke shi lokaci ɗaya sai ya zube. Duk wadda ta riga ta fara kar ta daina da kanta, ta je likita ya sauke ta a hankali.

Maganin barci irin su diazepam shi ma ba naki bane, ke da kike tashi juya mara lafiya cikin dare, ga shi yana ƙara mantuwa kuma jiki na sabawa da shi.

Ga abin da zai miki amfani yau ɗin nan. Akwai 'yar roba mai gida-gida ta zuba magani, Asabar zuwa Juma'a, safe da dare, ba ta da tsada. Ranar da kike da natsuwa ki zauna ki zuba na sati gaba ɗaya. In kika yi shakka kin bata ko baki bata ba, ki buɗe gidan ranar ki gani. In baki samu ba ki manna takarda a bango kina yin maki da biro da zarar ta haɗiye. Kuma in shakka ta zo babu yadda za ki tabbatar, kar ki ninka mata na hawan jini, ki kira wanda ya rubuta maganin.

Malam_Fisiyoloji ya rubuta:

Mai Kemis ya yi gaskiya. Akwai ma cutar da jiki ke yin kotizol fiye da kima da kansa, ana ce mata Cushing, masu ita suna fama da mantuwa kuma hifokamfus ɗinsu na raguwa a hoto, amma a 1999 an auna wasu bayan an yi musu aiki sinadarin ya sauka, aka ga wajen ya ƙaru, a wasu har kusan kashi 10 cikin ɗari.

Malama maganar kunyar nan ce ta dawo da ni. Shi Sapolskyn da ya tsorata ki, rabin aikinsa ba a ɗakin bincike ya yi ba. Tun 1978 yake zuwa dajin Kenya yana zama da garken birai irin manyan nan da ake kira bika, shekaru kusan 30 yana yi. Ya san kowanne da halinsa, sai ya lallaɓa ya hura musu allurar barci ta bututu ya ɗebi jini ya auna. Ya ga cewa na ƙasa, wanda ake ƙwace wa abinci ake huce haushi a kansa ba tare da ya san yaushe duka zai zo ba, kotizol ɗinsa a sama yake zama. Amma ba matsayi kaɗai ke magana ba, wanda ke da abokan zama, ana yi masa tsifa yana yi wa wasu, yana wasa da 'ya'ya, nasa ya fi sauka. Akwai ma garken da a tsakiyar shekarun 1980 mafaɗatan mazansa suka riƙa zuwa cin shara a juji na wani masaukin 'yan yawon buɗe ido, suka ci nama mai tarin fuka suka mutu, aka bar mata da maza masu sanyin hali. Garken ya zama na zaman lafiya, kuma bayan shekara goma, duk mazan farko sun ƙare sababbi sun shigo daga wasu garken, halin bai canza ba, na ƙasa a cikinsu ba su da hawan kotizol irin na sauran wurare. Sapolsky da matarsa Lisa Share suka wallafa wannan a 2004.

Wata masaniya a Montreal ta Kanada, Sonia Lupien, ta ce abin da ke tayar da sinadarin nan huɗu ne: abu ya zama sabo, ya zama ba ki san yaushe zai zo ba, ya taɓa mutuncinki, ko ki ji ba ki da iko a kansa. Ki auna da rayuwarki. Ba ki san daren da Inna za ta tashi da rikici ba, ba ki da ranar da za ki ce yau tawa ce, kuma kina tsoron a ce kin gaza. Uku cikin huɗu kenan kullum. Shi ya sa "ki rage tunani" ba ya aiki, ba da tunani kika kunna shi ba balle ki kashe da tunani. Amma in kin san tabbas daren Talata da na Asabar wata ce za ta kwana da Inna, jikinki zai fara sauka tun ranar Litinin saboda ya san hutu na zuwa.

Kuma jinya aiki ne da ake iya aunawa a jiki. A 1995 a jami'ar jihar Ohio an yi wa mata 13 masu jinyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, aka yi wa wasu 13 da ba sa jinya irinsa. Na masu jinya sai da ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke. In fata ta nuna, ƙwaƙwalwa ma za ta nuna.

In kin samu dare biyun nan, ki ƙara da tafiya a ƙasa. A 2011 an raba dattawa 120 gida biyu, rabi suna tafiyar minti 40 sau uku a sati, bayan shekara hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, na sauran kuwa raguwa ya yi. Ko sauka daga adaidaita kafin a kai makaranta ki ƙarasa da ƙafa ya isa farawa.

Baba_Na_Kwari ya rubuta:

'Yata in kunya ce ta hana ki, ki samu kawunku ko wani babba ya tara su ya faɗa. Ba cewa za a yi kin gaji ba, cewa za a yi ladan nan kowa ya zo ya ɗebi rabonsa, su ma uwarsu ce. Mazan ma ba kuɗi kaɗai ba, ɗaga ta zuwa bayi da kai ta asibiti ai aikin ƙarfi ne.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Salam, na dawo in faɗa muku inda aka kwana. Na bi shawarar Baba, na kira kawunmu ƙanin Inna na faɗa masa komai har maganar ƙwayar da na riƙe a hannu. Shiru ya yi, sannan yace me ya sa ban faɗa ba tun tuni. Ranar Lahadi ya tara mu a falona. Ƙanwata ta biyu kuka ta yi ta yi, tace ita ta ɗauka ba na so a taɓa min Inna ne shi ya sa take tsayawa baya. Yanzu an tsara, ita Talata, autarmu Asabar, yayanmu kuma ya ɗauki kai ta gashin ƙashi duk Alhamis, ta Abuja za ta biya mai taya ni wanki.

Na je asibiti an auna, jinina ya yi ƙasa, an bani maganin ƙarin jini, sukari da maƙoƙo lafiya, likitar tace in dawo bayan sati huɗu mu sake magana kan barcin da fushin. Robar maganin ma na saya, mai kala bakwai, na zuba na sati.

Daren Talatar nan na kwana a ɗakina. Ƙarfe uku daidai idona ya buɗe, har na sauko da ƙafa ɗaya ina laluben takalmi, sai na jiyo muryar ƙanwata ta bango tana cewa "Inna bari in juya ki". Na koma na kwanta, ban ƙara sanin inda nake ba sai da aka kira assalatu.

Mai Kemis tambaya ɗaya, maganin ƙarin jinin nan yana ɗan tayar min da zuciya da safe, zan iya maida shi bayan abincin rana?